Mutanen Golf da Mutanen Jif a Hanyar Birnin Kudu

Golf 3 da Jihar Jigawa sa'o'in juna ne. A 1991 kamfanin Volkswagen ya fito da ita a Jamus, a shekarar ce kuma gwamnatin Janar Babangida ta yanke Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano. Bajamushe ya ƙera motar don mutum biyar har da direba. Da ta iso tashar Birnin Kudu sai 'yan kamasho suka sake masa lissafi: biyu a gaba, huɗu a baya, direba cikon na bakwai. Tsawon motar duka-duka mita 4 ne da ɗan ɗoriya, Prado kuwa ta kusa mita 5, amma fasinjan da ya saba bin Kwanar Huguma da Wudil zuwa Kano, maƙwabcin kujerarsa yake fara dubawa kafin ya duba motar.

Wanda kowa ke addu'ar kada a haɗa shi da shi, mai babbar riga ne. Kuɗin mutum ɗaya ya biya, rigar kuma ta ci wurin mutum ɗaya da rabi, ga sitaci ya sa ta tsaya ƙiƙam kamar buhun siminti. Rufin Golf gajere ne, don haka dole hula ta sauka ta zauna a gwiwa, ya riƙa tallafarta kamar jariri. Idan aka ce, "Alhaji, ɗan muskuta mana," sai ya ɗaga kafaɗa ɗaya, ya mayar da ita inda take, ya ce, "To, bismillah." Bai matsa ko da faɗin yatsa ba, kuma sai an yi masa godiya.

A gaba akwai ɗan tsakiya, galibi saurayi siriri da ɗan kamasho ya zaɓo da ido. Rabin mazauninsa a kujera, rabi a kan burkin hannu. Duk lokacin da direba zai sauya giya sai ya bugi cinyarsa, tun yana jin haushi har ya haddace: kafin hannu ya iso ya riga ya kauce. Ana isa Wudil ƙafarsa ta hagu ta mutu, ya sauka yana ɗingishi kamar wanda ya taka ƙaya.

Hajiya mai kayan kasuwar Sara ba ta da faɗa, kayanta ne ke yi mata. Ƙaramar mota irin wannan ba ta da bango tsakanin but da fasinja, ƙofar baya ce kawai ake ɗagawa, a loda buhuna, a ɗaure da igiya ta tafi baki buɗe. Buhun masara na tura jingina, jingina na tura ƙeyar mutane huɗu. In akwai akuya a saman kaya, numfashinta a wuyan wani zai ƙare. Hajiya kuwa ta juyo cikin natsuwa ta ce, "Yi haƙuri ɗan nan, ba ta cizo."

Mai barci kuma, tun ba a fita gari ba ya mayar da kafaɗar baƙo matashi.

A jif labarin ya juya. Prado mai layi uku mutum bakwai take ɗauka, amma yawanci mutum biyu ne a ciki: direba, da maigida a kusurwar baya ta dama. An tura kujerar gaba har ƙurya don ƙafarsa, hula tana kai ba ta taɓa rufi, gilashi a rufe, sanyi na busawa. Ramin da zai sa fasinjojin Golf su yi salati a tare, shi ɗan gyaɗa kai kawai zai yi, ya ci gaba da waya. Da damina, in hanyar ƙauye ta jiƙe wajen su Surko da Sundimina, tsayin motar daga ƙasa ba ado ba ne, wannan kam a ba ta haƙƙinta.

Sai ranar ɗaurin aure ko taron siyasa, ɗan rakiya ya bayyana. Tun safe ya shaida wa unguwa cewa a motar maigida zai tafi. An naɗe kujerar tsakiya, ya rarrafa ya shige layi na uku. Gangar jikin Prado a kan firam take zaune kamar ta babbar mota, ƙasanta ya tashi sama, shi ya sa gwiwar mai zama can baya take kusan taɓa haɓarsa. Ya fi ɗan tsakiyar Golf shan wuya, bambancin dai shi ba zai faɗa ba. Idan maigida ya waiwayo ya ce, "Kuna lafiya a nan?" sai ya amsa daga tsakanin gwiwoyinsa, "Ranka ya daɗe, kamar a falo."

Iya tsohuwa ce kaɗai ke faɗa wa jif gaskiya. Ɗanta ya zo kai ta Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ta tsaya tana kallon matakalar, jika ɗaya na ja, ɗaya na turawa. Da ta zauna ta huce, ta ce gobe a zo mata da ƙaramar, wadda ake shiga kamar an zauna a kujerar tsakar gida.

Tun daga 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin fetur ya ƙare, an sami sabon fasinja a tasha: mai jif a gida. Motar tana can an lulluɓe ta da tamfol, shi kuma ga shi a bayan Golf, makullinta a hannu yana kaɗawa don a gani. Ya buɗe ƙafa irin yadda ya saba, yana ba mai babbar riga labarin kujerar fata, mai barci na neman kafaɗarsa.

Mai dogayen ƙafafu da ba shi da motar kansa, ya daure ya biya kuɗin mutum biyu a gaban Golf. In kuwa aka yi masa tayin rage hanya a jif, ya fara tambayar layi na nawa ne.