Kowa Ya Kalli Nan: Ire-iren Masu Hoton Zamani

Duk wanda ya rataya kyamara a wuya ya ce da ita yake ci, to akwai wanda yake yi wa aiki, akwai kuma abin da aka biya shi ya ɓoye. Wani ƙurajen amarya yake ɓoyewa, wani kujerun da babu kowa a taron siyasa, wani kuwa igiyar shanyar da ke bayan mai tallan atamfa. Mai son rarrabe masu hoton wannan zamani kada ya tsaya auna tsawon bakin kyamararsu, ya duba abin da suka datse daga gefen hoton.

Dattijon cikinsu shi ne mai hoton fasfo. Ofishinsa laima ce da benci da farin ƙyalle ɗaure a jikin katanga, kusa da ƙofar banki ko sakatariya. Yana da baƙar kwat guda da yake ara wa abokan ciniki, rabin ma'aikatan garin a cikinta suka nemi aiki. Maganarsa ba ta wuce uku: "Ɗaga haɓa. Rufe baki. Kar ka ƙifta." Bai yarda da murmushi ba. Ya haddace ƙa'idojin ƙasashen da bai taɓa zuwa ba: hoton bizar Amurka inci 2 tsawo, inci 2 faɗi, baya fari, ba a sa tabarau. Kasuwarsa dai tana tsukewa, tunda hukumar katin ɗan ƙasa da ta zaɓe da ta shige da fice duk sun koma ɗaukar mutane da na'urorinsu a cikin ofis. Abin da ke sanyaya masa rai shi ne sakamakon. Wanda duk ya kalli fuskarsa a katin zaɓe ya san an yi rashin gwani.

Sarautar sana'ar kuwa yanzu tana hannun mai hoton biki na Instagram. Ba ya zuwa shi kaɗai. Yaro ɗaya riƙe da fitila, ɗaya da laimar haske, na uku yana tuƙa ɗan jirgin nan mai kukan sauro da ke shawagi a kan ɗankwalayen mata, dukansu cikin baƙaƙen riguna masu sunan oga a baya. Aikinsa yana farawa tun ba a ɗaura aure ba, da hoton kafin aure: ango da amarya sun yi anko, sun jingina da motar da ba tasu ba, a ƙofar gidan da ba su san mai shi ba, suna kallon wani abu can nesa da babu shi. Daga nan sai sa lalle, sai kamu, sai dina. A waɗannan kwanaki babu mai iko irin nasa. Alhajin da ko gwamna ba ya ce masa matsa, sai ga yaro sa'an jikansa yana cewa, "Alhaji, a ɗan yi hagu. Hajiya, a dafa kafaɗarta. Ango, don Allah kalle ta kamar kana sonta." Idan fitila ba ta kama ba, a sake yanka kek ɗin da aka riga aka yanka. Idan amarya ta yi kukan rabuwa da gida yana can yana canja batir, sai ya roƙa a ƙara kaɗan. Wurin ɗaurin aure ne kawai yake shan kaye: kafin ya kutsa cikin manyan riguna ya kai gaban liman, an shafa fatiha, maroƙi har ya fara shela.

A bayansa akwai wanda ba a gani, mai gyaran hoto. Yana zaune a ɗaki mai duhu, janareta na ruri a waje, Photoshop a buɗe a gabansa, saƙo ɗaya ne ke ta shigo masa: "A ɗan ƙara mini haske." Shi kuma ba ya rowa. Zai goge ƙurji, ya goge tabo, ya goge zanen gado, ya rage kumatu, har fuska ta koma sumul kamar dafaffen ƙwai da aka ɓare. Hannu ne yake yawan mantawa, shi ya sa ake ganin amarya fuskarta daga Agadas, yatsunta daga wani gari daban. An sha ganin gwaggon ango ta riƙe kalandar biki tana juyawa, tana tambaya a hankali ko an canja yarinyar ne.

Sai ɗan gayyar soɗi. Babu wanda ya kira shi, amma ya riga masu abinci isowa. Yana tsaye a bakin ƙofa, kana sauko da ƙafa daga adaidaita sahu sai walƙiya a idonka. Kafin a gama liƙi ya hau babur ya je ya wanko, ya dawo ya baje hotuna a kan buhu a hanyar fita. Dabararsa ba a kyamara take ba, a sanin halin mutane take: ya san babu matar da za ta wuce ta bar fuskarta a ƙasa ana tsallakawa. Ko hoton ya fito baki a buɗe da loma, saya za ta yi, don ta yaga da hannunta. Masu manyan kyamarori suna yi masa kallon raini, amma gara su yi hattara. Malick Sidibe na Bamako, a shekarun 1960, yawon wuraren rawar matasa yake yi da dare, ya kwana yana wanki, ya liƙa hotunan a kwali samari su zo su zaɓa. Wannan mutumin ne a 2007 aka ba lambar Zakin Zinare ta babban bajekolin fasaha na birnin Benis a Italiya, shi ne mai hoto na farko da ya karɓe ta. Hotunan da aka yi cinikinsu da canjin aljihu yanzu suna rataye a gidajen tarihi na Turai da Amurka.

Mai hoton Maigirma wani iri ne daban. Ya iya tafiya da baya fiye da yadda wasu suka iya ta da gaba, domin rayuwarsa duka a gaban oga take, yana ja da baya yana ƙyastawa. Ya san ɓangaren fuskar da ya fi kyau, ya san lokacin da hamma ke tahowa sai ya sauke kyamara. Gwanintarsa ta gaskiya lissafi ce: idan mutum 200 suka zo taro, zai durƙusa ya nemo kusurwar da za su cika fili. Idan an je buɗe rijiyar burtsatse, famfon da ke zuba zai fito, sauran ukun kuwa ba su da rabo. Aikin yana da daɗi, da jirgi da otal, sai dai wa'adinsa na oga ne. A cikinsu akwai waɗanda suka wuce hoton gaisawa da baƙi. Bayo Omoboriowo, mai hoton Shugaba Muhammadu Buhari a lokacin, ya shiga kundin bajinta na Guinness a 2021 da littafin hotunan Najeriya da girmansa ya haura murabba'in mita 60. Ba littafin da ake karantawa a kwance ba ne.

Akwai wanda idan kowa ya gudo daga wuri, shi can ya nufa. Wannan ne mai hoton labarai, kuma a kansa barkwanci yake ƙarewa. Ranar 26 ga Disamba 2006 bututun mai ya fashe a Abule Egba da ke Legas, fiye da mutum 200 suka halaka. Akintunde Akinleye na kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ɗauki wani mutum yana wanke toka daga fuskarsa, baƙin hayaƙi ya turnuƙe bayansa. Hoton ya ci lambar World Press Photo a 2007, karo na farko ga ɗan Najeriya. Irin waɗannan suna shan barkonon tsohuwa da kulkin 'yan sanda, kashegari jarida ta buga hoton, sunansu a gefe da rubutun da sai an sa tabarau.

Ƙanensa shi ne mai hoton ƙungiyoyin agaji, mai riga mai aljihu goma sha. Ya sauka daga farar mota a sansanin 'yan gudun hijira da jerin abin da ofis ke so: uwa da jariri, buhu mai tambari, tambarin ya fito sosai. Yaran sansani sun gane shi, da sun hango kyamara sai su yi ta tsalle suna dariya, su ɓata masa aiki. Irin wannan kallon na gefe guda ne ya ishi Fati Abubakar, 'yar Maiduguri da ta karanci aikin jinya. A 2015 ta buɗe shafin Bits of Borno, ta shiga ɗaukar 'yan kasuwa da 'yan makaranta da masu kwalliyar Sallah, wato duk abin da sauran ke datsewa daga Borno.

Mai hoton hawan Sallah sau biyu yake girbi a shekara, a Kano ko Katsina ko Zazzau. Tun kafin UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024, shi ya san darajar kayansa. Burinsa guda ne, ya tsuguna a tsakiyar fili ya kamo jahi gaba da gaba, dawakai a guje, ƙura ta tashi. Dogarai suna kora, yana komawa. Doki kuwa bai san tsadar kyamara ba.

Na baya-bayan nan shi ne mai hoton kaya. Abokan hulɗarsa ba sa ƙiftawa, ba sa neman ƙarin haske: kwalbar humra, turaren wuta, kilishi, takalmi, faranti guda na dambun nama da aka yi awa biyu ana gyara masa zama. Shi ne dalilin da ya sa abayar da aka gani a waya da wadda ɗan aike ya kawo suke zama 'yan uba. Masu hoton kwalliya ma a layinsa suke, kuma su kan yi tuntuɓe da sa'a. A 2016 mai hoto TY Bello tana ɗaukar mawaƙi Tinie Tempah a titin Legas, wata mai tallan burodi, Olajumoke Orisaguna, ta ratso cikin hoton da kayanta a ka. Wani mai hoton da gogewa zai yi. Ita ta sa aka nemo matar, ba a daɗe ba ta fito a bangon mujallar ThisDay Style.

Duk bambancinsu, maƙiyinsu ɗaya ne: kawu mai waya. Daidai lokacin da aka jera, aka yi shiru, aka ce kowa ya kalli nan, sai ya ratso gaba da ƙatuwar waya a sama yana cewa, "Ku tsaya ni ma in ɗauka." Rabin dangi su kalle shi, rabi su kalli mai hoto. Kafin magariba nasa hoton, karkatacce, babban yatsa a gefe, ya zagaye duk zaurukan WhatsApp na dangi. Na gwanin kuwa yana cikin kwamfuta, an ce sai an biya cikon kuɗi. Ango ya ce sai ya ga albam zai biya, mai hoto ya ce sai ya ga alat zai wanke. A haka ake ta ja har watanni tara su cika, a kira shi hoton suna, ya zo da albam ɗin biki a hammata, ya ce a haɗa lissafin gaba ɗaya.