Mahaya Dala Na Zamani

Wani yayi ya shigo Kano: hawan Dutsen Dala ranar Asabar da sassafe. Mutumin da ko masallacin bayan gidansa sai a mota yake zuwa, shi ne yanzu zai ɗaure kambas, ya saɓa jaka kamar mai zuwa Agadas a ƙasa, ya ce wa iyali ya tafi ziyarar tarihi. Buɗe jakar ka sha kallo: sandar ɗaukar hoto, cajar waya, tabarau kala biyu.

Dutsen nan fa har matakala aka yi masa. Amma kafin a kai rabi Alhaji ya ja birki, hannu a ƙugu, wai gari yake kallo. Numfashi yake nema, Allah na tuba. Nan ɗan unguwa zai wuce shi a guje, silifas ɗaya a tsinke, farantin fiya wata a ka: "Sannu Alhaji, a kawo mai sanyi?" Tun safe hawansa na biyar ke nan, ko hoto ɗaya bai ɗauka ba.

A can sama ake yin ta. Nan Barbushe ya zauna, babban bokan Tsumburbura, tun kafin Bagauda ya karɓi gari a 999. Kundin tarihin Kano ya ce sau biyu kacal yake saukowa a shekara. Jikokinsa sun juya abin: sau biyu suke hawa, hotunan kuma su shekara suna yawo a Facebook. Ce wa Hajiya tun ƙarni na 7 ake narka ƙarfe a wurin nan, sai ta ce, "Ikon Allah! Ɗan matsa, ka tare min haske." Tambayi ɗanta wane ne Barbushe, ya yi shiru, can ya ce kamar dai tsohon kansila.

Nuna musu ragowar badalar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa, ba mai waiwayowa. Kowa tankin ruwan gidansa yake nema, ana gardama ko wancan koren nasa ne ko na maƙwabci. Sai a juya wa Goron Dutse baya, a washe baki, a bar wa tarihi ledojin ruwa tukuici.

Saukowa ba a wasa, don mai waina na jira a gindi. Abin da aka ƙona a hawa sai an rama shi har da riba. Da aka tashi tafiya, sai Alhaji ya hango motarsa can bakin layi, ya auna nisan da ido, ya tsayar da adaidaita sahu.