Mu da Bindigar Cikin Fim

Mu mutanen Ikara da Makarfi da Kudan, in zancen bindiga ya taso kowa gwani ne. Ka zauna teburin mai shayi a Hunkuyi, ko majalisar bayan isha'i a Gubuchi, za ka ji yaron da ko kwanson harsashi bai taɓa riƙewa ba yana koya wa manya yadda ake kauce wa harbi. A gidan kallo ya samo iliminsa. Iyayenmu sun sha kallon Sholay na 1975, mu muka tashi da Rambo da Kwamando, 'ya'yanmu kuma ga fassarar Indiya-Hausa ana tura musu a waya wurin masu caji.

Fim ya sa mun ɗauka bindiga ba ta ƙarewa. Jarumi zai yi ta ɓarin wuta har abokan gaba su ƙare bai sake ɗuri ba. Alhali AK-47, gidan harsashinta 30 yake ci, in aka danne kunama ba a saki ba, cikin daƙiƙa uku ya zama fanko. Sai kuma a harbi jarumi a kafaɗa, ya yage riga ya ɗaure, ya koma dambe, a gaba ma har da rawa. A kafaɗa da cinya akwai manyan jijiyoyin jini. Wanda harsashi ya tsinka wa ɗaya, in ba a danne wurin da ƙarfi nan take ba, da wuya ya kai asibitin Shika da rai.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne ɓuya bayan ƙofar mota. Yaranmu sun yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Harsashin AK yana huda ƙofar mota, yana huda ƙyauren langa-langa, danga da zana kuwa ba a ma maganarsu. Tun da 'yan bindiga suka far wa masallata a Saya-Saya cikin Satumban 2023, ai mun san wannan zance ya fito daga allon talabijin ya shigo gida.

Masu labarai ma suna da nasu kason. A wurinsu kowace bindiga AK-47 ce, kowane ƙarfe “muggan makamai” ne. A kai hari a ƙauye, sai a liƙa wa labarin tsohon hoton wasu masu rawani da ba a san ƙasarsu ba, mu kuma mu yi ta yaɗawa a WhatsApp ba tambaya. In 'yan sanda sun baje makaman da suka kama, ka dubi hoton da kyau: za ka ga ƙirar gida, ka ga ta toka, ka ga wadda tsatsa ta ci. Dokar makamai ta 1959 kanta ba ta haɗa su ba. Irin su AK sai da izinin shugaban ƙasa, ta farauta mai baki biyu sai Sufeto Janar, ta toka kuma kwamishinan 'yan sandan jiha. In labari ya cakuɗa su, maharbin da ke kwana gadin gonar rake shi ake fara yi wa kallon ɓarawon daji.

Kuma maharban nan su ne suka san abin. Ka ce wa dattijo daga cikinsu, “Baba, yaya ake ɗura ta toka?” sai ka ga ya natsu. Ya auna albarushi a tafin hannu, ya zuba ta baki, ya cusa tsumma, ya daddanna da siririn ƙarfe a hankali, bakin bindigar na kallon nesa da kowa. Harbi ɗaya ne, sai an sake komai daga farko. In damina ce albarushi ya sha raɓa, tana iya ƙin tashi. In ya yi yawa, bututun ya tsage, ya tafi da yatsu. Shi ya sa ba za ka ga maharbi yana nuna mutum da ita ba, ko da babu komai a ciki.

Samarinmu kuwa, a wurin biki sai wani ya ɗaga bindiga ya harba sama don a san ya zo. Suna kafa hujja da 'yan bindigar Sarkin Zazzau a hawan sallah, sun manta waɗancan albarushi zalla suke tayarwa don ƙara da hayaƙi. Harsashin da aka harba sama yana dawowa ƙasa, kuma da ƙarfin da zai iya fasa kan yaron da ke wasa a unguwar gaba.