Teku a Falon Yaya

Yayana ya yi ritaya a Legas, ya dawo Kaduna da sha'awar da ba mu gada ba: kiwon kifin teku a tankin gilashi. Ruwan ma haɗa shi ake yi, kusan giram 35 na gishiri na musamman a kowace lita. Sai dai ainihin aikin yana cikin kabad ɗin ƙasa, inda aka ɓoye tanki na biyu. Ruwa ya gangaro ta bututu, a tace shi, famfo ya mayar da shi sama.

Mai shago ya jera masa matatai. Ga safa mai kama datti, wadda ke son wanki duk kwana 2 ko 3, in ba haka ba dattin ya ruɓe a ciki. Ga sikima, mai busa kumfa, ƙazanta ta manne mata ta hau cikin kofi, baƙa mai ɗoyi. Ga duwatsu masu ramuka, mazaunin bakteriyar da ke cinye amoniyar kashin kifi. In an haɗa su da sikima, shi ne tsarin Berlin. Ga gawayi, ga gansakuka da ake kunna wa fitila da dare.

Ya ce, "Wanne za a ba ka, Alhaji?"

Yaya ya ce, "Duka."

Ya danƙara su a tankin ƙasa kamar kayan motar kasuwa, ya cika ruwa fal har baki. Masu wannan kiwo kuwa sarari suke bari da gangan, don in famfo ya tsaya, ruwan bututu da na saman tanki baya yake dawowa.

Ana sallar isha aka ɗauke wuta. Kafin a tayar da janareto, kafet ya sha ruwan gishiri ya ƙoshi. Kashegari uwargida, don tausayi, ta wanke masa safar da garin sabulu. Sikima ta ji sabulu ta haukace, kumfa ta tunkuɗe murfi ta biyo ƙofar kabad.

Duk wannan fa babu kifi ko ɗaya a ciki, sai bakteriya sun yi mako 4 zuwa 6 sun kafu.

Yaya ya rage duwatsu, ya huda bututun da ke mayar da ruwa dab da saman ruwa don iska ta katse zuƙa, ya ja layi da biro inda ruwa zai tsaya.

Uwargida ta ce, "Alhaji, ko teku ko kafet."

Jiya masu tayil suka gama aiki.