“Wai Me Ya Faru a Ƙarshe?”

A shekarar 1977 wani ɗan jarida daga garin Leominster na jihar Massachusetts a Amurka, Robert Cormier, ya fitar da ɗan siririn littafi mai suna I Am the Cheese. Tun daga lokacin malaman adabi na makarantun ƙasar suke ɗora wa ɗalibai karanta shi, ɗalibai kuma suke dawowa aji da goshi a tattare. Labarin a baki ba shi da wuya. Wani yaro ne, Adam Farmer, ya hau keke zai tafi jihar Vermont ya gano mahaifinsa, da ƙunshin tsaraba a tare da shi. Kafin mai karatu ya gyara zama sai a katse tafiyar, a kawo masa rubutacciyar hira da aka naɗa a kaset, wani Brint yana jero wa yaron tambayoyi, wani lokaci da muryar likita, wani lokaci da muryar ɗan sandan ciki. A koma baya a tono abin da yaron ya tuna, a sake hawa keke. Can kusa da ƙarshe sai ta bayyana cewa keken bai taɓa fita daga harabar gidan da ake tsare da shi ba, uwa da uba sun mutu, sunan ma na aro ne, sunansa na yanka Paul Delmonte. Mai niyyar karantawa ya yi haƙuri, na fasa ƙwai. Ra'ayina shi ne da gangan aka dasa ruɗewar da matasa ke kuka da ita, ta kuma yi aikin da aka dasa ta dominsa. Shaiduna kuwa masu kukan ne da kansu.

Mafi yawa a cikinsu shi ne Ban-gane-ba. Zai shigo ya jefa littafin kan tebur ya ce bai gane komai ba, an ɓata masa lokaci kawai. Tambaye shi yaushe ya gama, ya ce tsakar dare, a zama ɗaya. Wannan fa yaro ne wanda littafin da ya gundure shi ba ya wuce shafi na goma a hannunsa. Ƙara matsa shi kaɗan ka sha mamaki. Ya san uban ɗan jarida ne da ya ba da shaida a kan wasu manya masu hannu a cin hanci, gwamnati ta sauya wa iyalin suna da gari don ta ɓoye su. Ya san takardun haihuwa biyu da yaron ya tarar a durowar babansa, kowace da ranarta daban. Ya san wayar da uwar take yi a ɓoye kowace Alhamis, ya san baƙon nan Grey da ke zuwa ya keɓe da uban. To me ya rage bai gane ba? Komai ya shiga kansa, ƙarshen ne zuciyarsa ta ƙi karɓa. An saba masa da labarin da jarumi ke shan wuya ya ci riba, yau an ba shi wanda ya sha wuya ya ƙara da wata, shi ne ya kira fushinsa rashin fahimta.

Kusa da shi ga Ai-na-sani, wanda ya rantse tun shafi na uku ya gano komai, sai dai bai faɗa wa kowa ba sai da malama ta yi bayani. Ba a daɗewa a kansa. Wanda ya fi ban tausayi shi ne Mai-leƙe, mai al'adar fara littafi daga shafin ƙarshe don ya huta da fargaba. Cormier kamar ya san da zamansa, domin sakin layin da ya rufe littafin shi ne wanda ya buɗe shi, yaro a kan keke yana shirin tafiyar da ba ta ƙarewa. Mai-leƙe ya leƙa, ya koma farko, ya tarar da abin da ya baro, ya fara zargin maɗaba'a da kuskure. Sai kuma Ɗan-gajeren-zango, wanda ya tsallake littafin ya kalli fim ɗin da aka yi a 1983, bai san an sassauta ƙarshen a fim ba, ya rubuta amsar jarrabawa cikin fara'a, ya tona wa kansa asiri.

Akwai kuma yarinyar da duk makircin gwamnati bai dame ta ba, ita dai a gaya mata ina Amy Hertz take. Amy ita ce budurwar Adam, mai son raha da tsokanar mutane a kantuna, wadda yake ta ƙoƙarin kira a waya a kan hanya ba ya samunta. Abokan ajin suna yi wa wannan yarinya dariya wai ta maida littafin tsoro na soyayya, amma tambayarta ta fi tasu kaifi. In har tafiyar keken a cikin kansa take, wa ya tabbatar cewa Amy ta taɓa rayuwa? In kuma ta rayu, me ya same ta, ita da ta san shi sosai? Ɗan-bincike shi ne kishiyarta. Yana zuwa da takarda cike da kibiyoyi da da'irori, ya zargi likita, ya zargi wani tsoho da Adam ya haɗu da shi a gidan mai, ya zargi karen da ya tare hanya. Da za a bar shi zai zargi keken. Ana masa kallon mai wuce gona da iri, alhali shi littafin ya fi kamawa, domin ya zama Adam sak, wanda ya koyi cewa duk mai yi masa murmushi wani abu yake nema a bakinsa.

Mai musu zai ce ruɗar da mai karatu ba gwaninta ba ce, kowane malalacin marubuci yana iya cakuɗa babi ya kira shi zurfi. Gaskiya ne, akwai irin waɗannan littattafai jibge. Hanyar rarrabewa ɗaya ce, a sake karantawa, kuma a nan ne yaron da ba ya magana a aji yake da amfani, wanda da ya kai ƙarshe ya juya shafin farko ba tare da an sa shi ba. Shi zai lura cewa tun a farkon littafin Adam ya ambaci ƙwayoyin maganin da ya ƙi sha. Shi zai ga cewa samarin nan uku da suka tura shi cikin kwalbati, da wanda ya sace masa keke, da karen da ya firgita shi, duk suna nan a cikin gidan da ake tsare da shi, kowa da fuskarsa. Aikin saƙa ne wanda in ka juya bayansa za ka ga inda kowane zare ya bi. Littafin da aka cakuɗa don lalaci yana wargajewa a karatu na biyu, wannan kuwa a lokacin yake haɗuwa.

Musu na biyu ya fi nauyi, kuma daga manya ya fito, waɗanda su ma iri ne a wannan jeri, masu ruɗewa a madadin yara. A 1986, a gundumar Bay ta jihar Florida, hukumar makarantu ta hana koyar da littafin bayan ƙorafi a kan kalamansa da kuma yadda ya nuna jami'an gwamnati a matsayin masu cin amana, rikicin har ya kai kotu. Ba zan ce damuwarsu duk shirme ce ba. Rahoton ƙarshe na Brint yana ba da shawarar a ci gaba da tsare yaron har a sami izinin kawar da shi ko ya ƙare da kansa, kuma mai shekara goma sha biyu yana buƙatar babba a kusa idan ya karanta hakan. Amma wannan hujja ce ta a zaɓi aji da malami. Cormier bai ƙirƙiro zargin hukuma daga iska ba. Dokar da ta kafa shirin ɓoye shaidu ta 1970 ce, Nixon kuma ya sauka daga mulki a 1974 saboda badaƙalar Watergate, wato yaran da suka fara karanta littafin sun ga wannan a talabijin ɗin falonsu. Masu ba da lambobin yabo ma ba su bi bayan masu hanawa ba, domin littafin yana cikin littattafansa ukun da aka ambata lokacin da ƙungiyar ɗakunan karatu ta Amurka ta karrama Cormier a 1991.

Saura iri ɗaya, wanda ya fi kowa ƙarfin hali. Lambar wayar Amy tana rubuce a cikin littafin, sai wasu yara suka ce bari su gwada ta, aka kuwa ɗauka. Lambar gidan Cormier ce ta gaske ya sa, ya kuma shafe shekaru yana amsa kiran matasan da ke neman Amy ko neman a warware musu ƙarshen labari. Yaron da littafi ya gundura ba ya ɗaga waya ya kira wata jiha a zamanin da kiran nesa ke cin kuɗin iyaye. Wanda abin ya hana barci shi ke yin haka. Cormier ya rasu a shekarar 2000, kuma a fim ɗin 1983 shi da kansa ya fito a matsayin baban Amy.