Yadda Za Ka Kori Sauron da Ke Cikin Iyafis

Ba zan ɓata maka lokaci da cewa ka soka iyafis ɗin sosai ba. Ka soka, ka zare, ka hura ramin, har da tsinken ashana ka ƙwaƙulo ƙurar hunturu. Duk mun bi ta nan. Amma "shiiii" ɗin na nan daram, kuma ya fi tashi daidai lokacin da malamin tafsirin da kake saurare ya tsaya shaƙar numfashi.

Na ɗaya: cire cajar kwamfuta. Idan "zuuu" ɗin ya ɗauke, wutar gida ce ke lallaɓowa ta waya. Tamu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60, kowace ƙasa da muryar azabarta. To ka kama ɓarawo, sai me? Batirin kwamfutata ba ya kai ƙarshen tafsiri guda. Ita kuwa cajar, wadda aka sayar mini da rantsuwar "wallahi ta asali ce, Alhaji", ka ɗauke ta a hannu ka ji fayau. Kayan tace hayaniyar da ya kamata su kasance a cikinta, an rage kuɗi da su. Na koma shagon, yaron ya saka iyafis ɗin, janaretan maƙwabcinsa na ruri a bakin ƙofa, ya ce, "Ni fa ban ji komai ba." Ina za ka ji, ɗana? Ni kaina ban ji abin da ka ce ba sai da ka maimaita!

Na biyu: nesanta wayarka. Wannan "dit-didit-dit" da ke riga kira shigowa, aikin layin GSM ne.

Na uku, daina motsa linzamin kwamfuta. Da gaske nake. Ɗan guntun da ke sarrafa sauti yana zaune kan allo ɗaya da ƙwaƙwalwar na'urar, wuta ɗaya suke ci, shi ya sa kana jan shafi ƙasa kana jin "tsiii". Sai ka naɗe hannu ka zuba wa allo ido.

Kada kuma ka ce za ka sayi iyafis mai tsada. Irin na cusawa cikin kunne, mai om 16 ko 32, ya fi kowanne kwaso ƙaramin sauti, ciki har da shashshekar. Ka biya kuɗi don ka ji ciwon da kyau.

Na nawa muke ma? Oho. Akwai ɗan katin sauti mai shiga kafar USB, yana fitar da aikin daga cikin kwamfutar, kuma sau da yawa yana magani. A 2016 da Apple ya fitar da iPhone 7 babu ramin iyafis, ni ne kan gaba wajen tsinuwa. Yau ga ni a kasuwa ina ciniki don in guje wa ramin. Kafofin USB biyu gare ni, ɗaya ta linzami, ɗayar kuma ta daina aiki tun bara.