Wai Shan Esi Ma Aiki Ne?

Ku 'yan Kantin Kwari, na san abin da za ku ce tun kafin in buɗe baki: "Mutum yana zaune cikin esi, da kwat da laktaye, yana danna kwamfuta, shi ma wai ya gaji?" To Alhaji, gyara zama. Ni Bazazzagi ne, tsakanina da Bakano kuwa ba a fushi, don haka yau zan tona maka abin da ɗan nan naka mai aikin odita a Legas yake ɓoye maka in ya zo salla. In sun bar shi ya zo ke nan.

Manyan kamfanonin binciken kuɗi huɗu ne a duniya: Deloitte, PwC, EY da KPMG. Da biyar ne, sai badaƙalar Enron a Amurka ta yi awon gaba da Arthur Andersen a 2002. Duka huɗun suna da ofis a Legas da Abuja. Na Deloitte ma tushensa kamfanin da Akintola Williams ya kafa a Legas a 1952, dattijon da ya rasu a 2023 yana da shekara 104. Na ga ka fara murmushi, za ka ce ashe aikin tsawon rai ma yake sawa. Haba Alhaji, shi fa mai shagon ne.

Ka san me suke sayarwa? Kai shadda kake yankawa yadi-yadi, su kuwa lokaci suke yankawa awa-awa, kuma bandir ɗin da ake yanka ɗanka ne. Kowane mako sai ya cike takardar lissafin awa: ran Litinin na yi wa banki kaza awa kaza, ran Talata kamfanin siminti awa kaza. Da wannan ake cajin wanda aka yi wa aikin, da shi kuma ake auna yaron. Ga inda gizo ke saƙa. Tun kafin a fara an riga an yi ciniki da mai ba da aikin, an ƙayyade kuɗi, manaja ya raba awoyi. A ce an ba yaro awa 40, aikin kuwa ya ci 70 saboda akantan kamfanin ya ɓatar da rasit, ko ya ƙi ɗaukar waya. Ya rubuta 70 a ce ba shi da hanzari, ya rubuta 40 ya haɗiye 30 shi kaɗai. Ka canka wanne yaron da ke jiran ƙarin girma zai zaɓa.

Kana cewa ai kowace sana'a da kakarta. Haka ne, tasu ma da ita. Yawancin kamfanoni suna rufe littafinsu ran 31 ga Disamba, kuma a ranar, ana ta shirin shiga sabuwar shekara, ƙananan odita suna cikin sito suna ƙirga buhu da katan, wani ma kan tankin mai yake da sandar awo. Bankuna da kamfanonin da ke kasuwar hannun jari suna da wata uku su miƙa lissafin da aka tantance, takardun harajin kamfani kuma wata shida, wato ƙarshen Yuni. Daga Janairu zuwa Maris, wanda ya bar ofis ƙarfe tara na dare sai abokai su tambaye shi ko ba shi da lafiya. Shekarun nan ma azumi ya faɗo cikin kakar; watan Maris ɗin 2025 kusan dukansa Ramadan ne. Kai kana shan kunun tsamiya da ƙosai a ƙofar gida, shi yana buɗa-baki da dabino da ruwan gora, ido na kan lissafin da ya ƙi daidaita saboda naira 12.

"To ai ana biyansu kuɗin ƙarin lokaci." Wa ya faɗa maka? Dokar Ƙwadago ta Najeriya, da ta zo fayyace wanda take karewa, ta cire masu aikin gudanarwa da ƙwararru irin su akanta. Ɗan naka sai abin da takardar ɗaukarsa aiki ta ce, ita kuwa takardar waɗanda suka fi shi sanin doka ne suka rubuta ta.

Hajiya, na ji ki daga ɗaki kina cewa albashinsa ya fi na kawunsa da ya shekara ashirin a sakatariya. Ban musa ba. Amma kawu ƙarfe biyu yana gida, ran Juma'a kuwa daga masallaci ba a ƙara ganinsa. Shi wannan ofishinsa na Ikoyi ko Victoria Island, inda kuɗin hayar shekara zai sa ki salati, don haka can ƙetaren ruwa yake kwana. Yana idar da asuba ya fito, don ya riga cunkoso hawa gadar Third Mainland. Asabar da Lahadi kuma aji yake zuwa, domin ba wanda zai ba shi kujerar manaja bai gama jarrabawar ICAN ko ACCA ba. Ki raba albashin da awoyin, sannan ki cire abin da kike aika wa a turo na bikin 'yar ƙanwarki.

Wasa wasa, abin yakan kai inda ba a dariya. A 2024, a birnin Pune na Indiya, wata akanta mai shekara 26 ta rasu wata huɗu da fara aiki a EY. Mahaifiyarta ta rubuta wa shugaban kamfanin wasiƙa tana ɗora laifin kan nauyin aiki, kamfanin bai yarda cewa shi ne sanadi ba, gwamnatin ƙasar kuma ta buɗe bincike.

Yanzu ga wasu can sun miƙe, 'yan bokon majalisar shayi, suna cewa bauta ce zalla, yaro ya ajiye musu aikinsu. Ku ma ku zauna. Kuna tsammani dubban da ke rububin jarrabawar shiga duk shekara ba su da hankali ne? Cikin shekara uku yaro ya leƙa cikin banki, ya leƙa kamfanin waya, ya leƙa na mai, ya san inda ake ɓoye asara da inda ake yi wa riba kwalliya. Taiwo Oyedele, wanda aka ba shugabancin kwamitin gyaran haraji a 2023, daga PwC aka ɗauko shi. Ibrahim Hassan Dankwambo, kafin ya zama Akanta Janar na Tarayya da gwamnan Gombe, ya yi zamansa a Coopers & Lybrand, ɗaya daga cikin biyun da suka haɗe suka zama PwC.

Sai dai kada Alhaji ya fara ɗinka babbar riga yana cewa ɗansa zai zama fatna. Matakan a jere suke, daga sabon shiga zuwa siniya, manaja, babban manaja, har fatna mai rabon riba, tafiyar shekara goma sha wani abu. Amma kujerun sama kaɗan ne, kuma da gangan aka yi su haka: ribar mutum ɗaya a sama daga awoyin yara da yawa a ƙasa take fitowa. Kamfanin ya san yawancinsu za su tafi, lissafinsa ma a kan haka ya ginu. Da guguwar japa, wato tserewa ƙasashen waje neman aiki, ta taso, Ingila da Kanada suka riƙa kwashe siniyoyi, waɗanda suka rage sai ga ƙarin girma da wuri, haɗe da aikin mutum biyu.

Saura maganar da na san ita ce ta fi damun Hajiya, wato aure. Yaron bai ƙi ba, kuma ba wata Bayarabiya da ta shanye shi. In dai kuna so a ga ango a wurin ɗaurin aurensa, kada ku kuskura ku sa rana tsakanin Janairu da Maris. Yuni ma ku tsallake ta, akwai haraji. Ku sa Agusta, ku sayi rumfa saboda ruwan sama, kuma a samu wani cikin abokan ango ya ƙwace wayarsa tun daga ranar kamu.